TATTALIN GIDA: TSAKANIN ALMUBAZZARANCI DA ƘWAURO

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, Mai ciyarwa ba a ciyar da Shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, Sallallahu Alaihi Wasallam, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ke halartar sallar jam'i ya san abin da kan biyo bayan sallama a masallatanmu. Da zarar liman ya juyo, sai a ga wani ya miƙe da takardar asibiti a hannu, ko ya ce iyalinsa sun kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. A da mun saba ganin haka daga gajiyayyu da matafiya. Yanzu kuwa har da ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta da ɗan kasuwar da jarinsa ya karye, mutanen da kunya ke hana su ɗaga kai lokacin da suke magana. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, a cikin unguwar nan da ake wannan roƙo, a daren nan, za ka ji an toshe titi da rumfuna ana bikin da aka ci bashi aka shirya. Wannan ya sa muka ga ya wajaba mu yi wa kanmu nasiha a kan mas'alar tattalin gida, domin mas'ala ce ta addini kafin ta zama ta aljihu.

HALIN DA AKA SHIGA

Babu mai musun cewa rayuwa ta yi nauyi. Ranar 29 ga watan Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemo darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a cikin 2024. A wannan shekara ta 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100. A watan Yuli na shekarar aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Idan aka raba wannan kuɗi ga kwanaki 30, za a sami wajen Naira 2,333 a rana. Gidan da ke da mutum bakwai, kowane ɗayansu ya tashi da Naira 333 ke nan, a ciki za a ci, a sha, a yi magani, a biya haya da kuɗin makaranta.

Iyayenmu sun ga irin wannan. Sun ga tsuke bakin aljihun da gwamnatin Shagari ta kawo a 1982, sun ga shirin SAP na gwamnatin Babangida a 1986. Abin da ya bambanta mu da su shi ne, matsin ya same su suna da rumbu da asusu da 'yan awaki a bayan gida, kuma buƙatunsu ƙididdigaggu ne. Mu kuwa ya same mu mun riga mun ɗora wa kanmu wasu al'adun kashe kuɗi waɗanda muka ɗauka wajibai ne, alhali Allah bai wajabta su ba.

MA'ANAR TATTALI A SHARI'A

Malamai sun rarrabe tsakanin kalmomi uku. Israfi shi ne wuce iyaka a cikin abin da asalinsa halal ne, kamar a dafa abincin mutum ashirin alhali masu ci goma ne. Tabziri shi ne zuba dukiya a inda bai kamata a zuba ta ba tun farko, ko da kuwa kwabo ne, kamar caca. Taƙtiri kuwa shi ne ƙuntatawa da ƙwauro, watau hana iyali abin da yake haƙƙinsu alhali akwai hali. Dukkan ukun abin zargi ne. Abin da ake so shi ne iƙtisadi, kalmar da Larabawa suka samo daga ƙasdu, watau miƙewa a kan tsakiyar hanya.

A cikin Suratul Furƙan, aya ta 67, Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya tsakaitawa wajen ciyarwa a cikin siffofin bayinsa na ƙwarai, a jere da tsayuwar dare da nisantar shirka. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya hana almubazzaranci, Ya kuma danganta masu yin sa da shaiɗanu. A aya ta 29 ta wannan sura Ya hana ƙanƙame hannu, Ya hana sakinsa gaba ɗaya, Ya nuna ƙarshen hakan zargi ne da nadama. Don haka wanda yake lissafin kuɗin cefanensa da niyyar kare iyalinsa daga roƙo, ibada yake yi.

Malaman usulu, musamman Imamu Shaɗibi a cikin littafinsa Al-Muwafaƙat, sun kasa maslahohin ɗan Adam gida uku: laruriyyai, waɗanda rayuwa ba ta tsayuwa sai da su, hajiyyai, waɗanda rashinsu ke kawo ƙunci, da tahsiniyyai, waɗanda ƙawa ne da ƙarin jin daɗi. Ka'ida ita ce ba a gabatar da na ƙasa a kan na sama. Mun karanta wannan a aji, mun ci jarrabawa da shi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ɗora wannan ma'auni a kan albashinsu. Hatsi da magani da haya da karatun yara laruri ne. Abin hawa da wayar da za a yi sana'a da ita buƙata ce. Sabuwar shadda a kowane biki, da sauya waya don an fito da wata, ƙawa ce. Magidancin da ya ɗinka sabon kaya alhali an koro ɗansa daga makaranta saboda kuɗi, ya juya ka'idar kanta ƙasa.

INDA KUƊI KE ZURAREWA

Hausawa na cewa zara ba ta barin dami. Galibin gidajenmu ƙananan ɓaraka ne ke cinye su, waɗanda ido ba ya gani saboda ƙanƙantarsu. Mu ɗauki Naira 500 kacal da mutum zai kashe kullum a kan abin da ba dole ba: lemon kwalba, ko tsire a majalisa, ko datar da za a ƙone wajen kallon abin da ba ya amfanar duniya balle lahira. A wata ta zama Naira 15,000, a shekara Naira 182,500, watau fiye da mafi ƙarancin albashi na wata biyu da rabi. Ga shi kuma a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Mutum nawa ne a cikinmu ya rage kallon waya saboda haka?

Sai sayen abinci da ɗai-ɗai. Wanda ke sayen gwangwanin shinkafa da ƙullin manja da sukarin Naira 100 a kanti kowace safiya, yana biyan ribar mai kanti sau talatin a wata. Mun san akwai wanda ba shi da ikon da ya wuce haka, kuma ba da shi muke ba. Muna magana da mai albashi ko mai sana'ar da zai iya auno tiya goma ranar da kuɗi suka shigo, ko ya haɗa kai da maƙwabta huɗu su sayi buhu su raba, amma ya bari kuɗin suka narke a aljihu.

Sai abincin da ake zubarwa. Iyayenmu mata kan mayar da tuwon dare ɗumamen safe, su shanya ragowar tumatir da kuɓewa da rana a lokacin da suke araha, su ajiye kuka da daddawa na watanni. A yau akwai gidajen da ake jin kunyar ɗumame, a juye shi a bola, a aika yaro sayen burodi da taliyar leda. Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya kasance yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, ya kuma yi umurni da a ɗauki lomar da ta faɗi a share ta a ci. Wanda aka koya wa tattalin loma da ruwan alwala, yaya zai zama mai zubar da kwanon tuwo?

BIKI DA GASAR GANIN IDO

Babbar ƙofar da ta fi kowace cin dukiyar talaka ita ce biki. Shari'a ta sauƙaƙe aure matuƙa. A mazhabar Imamu Malik mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Abdurrahman ɗan Aufu, wanda yana daga cikin mawadatan sahabbai, ya yi aure da zinariya mai nauyin ƙwallon dabino, aka umurce shi da walima ko da da akuya ɗaya. Walimar Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ta auren Nana Safiyya, da dabino da cuku da man shanu aka yi ta, babu nama babu gurasa.

To, mu duba abin da muka mayar da shi. Akwatunan lefe a jere, ana kirga turamen zane a gaban 'yan kallo. Kayan ɗakin da uba zai sayar da gona ko fili kafin ya haɗa. Gara da anko da kamu da dina da hayar zauren taro da mai ɗaukar hoto. Bayan wata tara a sake sabon zagaye da sunan suna. Sakamakon haka a bayyane yake: samari sun kai shekara talatin da wani abu ba su iya aure ba, 'yan mata na zaune a gaban iyayensu, waɗanda suka yi auren kuwa sun tare a gidan da bashi ya riga su shiga.

A nan wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu da muke kira zuwa ga Sunna mun yi nasarar kawar da kaɗe-kaɗe da cakuɗuwar maza da mata daga bukukuwanmu, alhamdu lillahi. Sai dai da yawa daga cikinmu sunan kawai muka sauya. An daina cewa dina, an koma cewa walima, amma zauren na haya ne, ankon na nan, kuɗin da aka kashe bai ragu ba, wani lokaci ma har a gayyato malami ya yi wa'azin sauƙaƙa aure a tsakiyar taron da ya ci miliyoyi. Gyaran da ya tsaya ga hana ganga ya ƙyale almubazzaranci, rabin gyara ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a lokacin da jihadi ke kan samun nasara, ya bar jama'a ya nufi gabas saboda ganin yadda son duniya da ƙawa suka fara shiga zukatan mutane, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Da zai leƙo bukukuwanmu na yau, me muke tsammanin zai ce?

Ibnu Khaldun ya bayyana a cikin Muƙaddima yadda jin daɗi ke farawa a matsayin ƙari, sannan ya zama al'ada, daga nan ya zama kamar dole, har ya kai kuɗin shiga ba sa ɗaukar kuɗin fita. Da haka ya fassara rushewar dauloli. Gida ma ƙaramar daula ce, kuma ta wannan hanya yake rushewa.

BASHI DA NEMAN KUƊIN DARE ƊAYA

Idan abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa, ƙofa biyu ce ke buɗewa, kuma kowace ta fi wata sharri. Ta farko bashi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Ya tabbata cewa an kawo gawar wani mutum mai bashi, Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Cin bashi don magani ko abinci ko jari halal ne. Cin sa don anko da lefe wauta ce. Balle kuma bashin ruwa na manhajojin waya, wanda ya haɗa riba da tozarci, domin idan mutum ya kasa biya sai a bi lambobin da ke wayarsa ana aika wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas a 2022.

Ƙofa ta biyu ita ce kwaɗayin kuɗin da ba a yi wa gumi ba. MMM ta rufe da dukiyar jama'a a ƙarshen 2016, CBEX ta maimaita haka a watan Afrilu na 2025, kuma a tsakaninsu an yi wasu da dama. Shagunan cacar ƙwallo sun cinye kuɗin cefane da kuɗin makaranta, har Hukumar Hisba ta Kano ta rufe wasunsu a 2024. Mai ƙana'a ba ya faɗawa wannan rami, domin wanda ya yarda da kaɗan ɗin da ke hannunsa, ba a yaudararsa da alkawarin ninki.

RUMBUN ANNABI YUSUF

Wasu 'yan'uwa na ganin ajiya saɓa wa tawakkali ce. Wannan kuskure ne. A cikin Suratu Yusuf, Annabin Allah ya ba mutanen Masar shawarar su yi noma shekara bakwai, su bar abin da suka girbe a cikin zangarniyarsa, su ci kaɗan, domin shekaru bakwai na fari da ke tafe. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara, kuma ya nuna wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Babu wanda ya kai waɗannan tawakkali.

Manominmu kan kwashe amfaninsa ya kai kasuwa da kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, sau da yawa don yin biki ko ƙarin aure, sannan ya dawo da damina ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashin da zai biya da buhu a kaka mai zuwa. Ga shi kuwa an sami sauƙin ajiya: buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kare wake da masara daga ƙwari na watanni ba tare da an zuba maganin ƙwari ba, matuƙar an busar da hatsin an ɗaure bakin da kyau. A cikin 2025 farashin hatsi ya sauko a kasuwanninmu idan aka kwatanta da 2024. Irin wannan lokaci na sauƙi shi ne lokacin cika rumbu, domin don tuwon gobe ake wanke tukunya.

GARGAƊI GA MAGIDANTA

Muna tsoron kada wani ya ɗauki wannan rubutu ya shiga gida da shi a matsayin hujjar ƙuntata wa matarsa. Ciyarwa da tufatarwa da wurin zama haƙƙin mace ne a kan mijinta gwargwadon halinsa, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar ƙwauron mijinta Abu Sufyan, an ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Magidancin da zai ajiye kuɗin cefanen da ya san ba za su kai ko'ina ba, ya fita ya ci balangu da shayi mai kauri a waje, ya dawo yana karanto wa matarsa ayar almubazzaranci, azzalumi ne. Tattali daga kan maigida yake farawa. A shekarar yunwa da ake kira Amur Ramada, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu, kafin ya nemi kowa ya yi haƙuri.

Haka kuma tattali ba ya nufin rufe ƙofa ga maƙwabci da ɗan'uwa. Asali ma wanda ya toshe ɓarakar gidansa shi ne ke da rarar da zai yi sadaka da zumunci.

Wani zai ce: me ya sa kuke wa talaka wa'azin tsuke ciki, alhali shugabanni na yawo da jerin gwanon motoci? Tambayar tana kan hanya, kuma ba mu janye ko kalma ɗaya daga abin da muke faɗa wa masu mulki ba. Shugaban da ya nemi talaka ya yi haƙuri alhali shi bai rage komai ba, zai amsa tambaya a gaban Allah. Amma zaluncin na sama ba ya halatta wautar na ƙasa. Farashin mai ba a hannunmu yake ba, yawan akwatunan lefe kuwa a hannunmu yake, kuma a kan abin da ke hannunmu za a tambaye mu: ta ina muka samu, a ina muka kashe.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, kowane magidanci ya sami ɗan littafi, ya zauna da iyalinsa su rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita har tsawon wata guda, ba tare da raina Naira 50 ba. A sanar da uwargida gaskiyar abin da ake samu, domin macen da aka ɓoye wa lissafi ba za a zarge ta da rashin tattali ba.

Na biyu, ranar da kuɗi suka shigo a fara da laruri: hatsi, haya, makaranta, bashin da ake bin mutum. A ware wani abu komai ƙanƙantarsa don rashin lafiya da ba-zata, a asusu ko adashin amintattu, kafin a taɓa sauran.

Na uku, rassanmu da kwamitocin masallatai su shirya sayen hatsi na haɗin gwiwa da kaka, a rubuce, da shaidu, a hannun mutanen da aka yarda da amanarsu.

Na huɗu, malamanmu da shugabanninmu da masu hali a cikinmu su fara rage bikin 'ya'yansu a aikace. Talaka ba zai iya karya al'ada shi kaɗai ba, domin za a ce talauci ne ya sa shi. Idan mai hali ya aurar da 'yarsa da akwati ɗaya da walimar gida, ya buɗe wa mutum ɗari hanya.

Na biyar, makarantunmu na Islamiyya, musamman azuzuwan matan aure, su sanya tattalin gida da hukuncin bashi a cikin darussansu, a kuma koya wa yara tun suna ƙanana cewa ɗumame ba abin kunya ba ne, roƙo da cin bashin da ba za a iya biya ba su ne abin kunya.

Muna roƙon Allah Ya azurta mu da ƙana'a, Ya sanya albarka a cikin kaɗan ɗin da ke hannunmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya shiryi shugabanninmu, Ya kare mu daga ƙwauro da almubazzaranci baki ɗaya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.